Ciwon Jijiya a Tsufa: Haƙuri Daban, Zaman Ɗaki Daban

 Wannan magana ce a kan dattawan cikin birnin Kano, malamai da 'yan kasuwa, maza da mata, waɗanda ciwon jijiya ya kama ƙafafunsu har tafiya ta soma gagara. Duk wanda ke bin lungunan Madabo ko Koki ko Yakasai ya san irinsu. Jiya ana ganin Malam a zaure yana biya wa almajirai karatu, ana ganin Alhaji a rumfarsa a Kasuwar Kurmi, yau kuwa in an tambaya sai a ce yana ciki, ƙafa ta hana. Daga nan sai wata ya bi wata ba a gan shi ba. Mutane na kiran wannan haƙuri, alhali kuwa yawancinsa sakaci ne na iyali da maƙwabta. Zaman ɗaki ya fi ciwon kansa saurin karya tsoho.

Da farko ya kamata a rarrabe abin da ake nufi, domin Bahaushe da kalma ɗaya yake kiran jijiyar jini da jijiyar da ke ɗaure nama da ƙashi da kuma jijiyar ji. Wadda ake magana a kanta ita ce ta ukun, watau wadda ta fito daga lakar baya ta bazu cikin jiki tana kai saƙo ga ƙwaƙwalwa. In ta lalace sai mutum ya riƙa jin zafi kamar ya taka garwashi, ko suka kamar ana tsira masa allura, ko kuwa tafin ƙafa ya mutu ya daina jin ƙasa, kuma abin ya fi tsanani da dare. Jama'a sukan tara wannan duka su ce sanyi ne. Likitoci kuwa sun san sabubbansa daban daban. Babbansu ciwon sukari, gama kusan rabin masu shi jijiyarsu takan taɓu in shekaru suka yi nisa. Akwai ƙashin baya da ke danne jijiya har zugi ya sauko ta cinya zuwa diddige. Akwai ƙarancin sinadarin B12, wanda tsufa ke kawowa, kuma daɗewa ana shan metformin, maganin sukari, yana ƙara shi. Akwai kuma kuturta, wadda yanzu ana warkewa daga gare ta in an fara magani da wuri. Kowane sababi da maganinsa, saboda haka wanda bai bari an auna jininsa an duba ƙafarsa ba, yana harbi ne cikin duhu.

Wurin dubawa bai yi nisa ba. Ga Asibitin Murtala kusa da Ƙofar Mata, ga Asibitin Ƙashi na Dala da aka kafa a 1959, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kan hanyar Zariya, kuma ana gashin ƙashi da koyar da motsa gaɓoɓi a irin waɗannan wurare. Amma sau da yawa ɗan da ya ga Baba yana nishi sai ya aika yaro kemis ya sayo ƙwayar kashe zafi. Lalle ne 'yan kasuwa, waɗanda suka san haja da ba ta biyan kuɗinta, su gane wannan: diclofenac da ibuprofen ba su cika taɓa zafin jijiya ba, kuma in aka lizimce su sukan ci ciki su raunana ƙoda, balle ga tsoho mai sukari ko hawan jini. Tramadol kuwa yana kama mutum har ya kasa rabuwa da shi, ga jiri da ke kā da mai shekaru. Kano ta ga abin da kodin ya yi wa samarinta kafin gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018, bai kamata irin wannan ya shiga ɗakin dattawa da sunan tausayi ba. Akwai magungunan da aka sani suna rage zafin jijiya, irin su amitriptyline da gabapentin da pregabalin, amma likita ne ke fara su kaɗan kaɗan yana lura, zama su ma suna sa barci da jiri. Gaskiyar magana kuwa sukan sassauta ciwon ne, ba kasafai suke kawar da shi ɗungum ba. Duk mai tallar da ya yi alkawarin warkarwa cikin kwana bakwai, aljihu yake nema.

Ƙafar da ta daina ji tana da haɗari na musamman. A hunturu akan ɗumama wa Malam ruwan alwala, ko a ajiye masa kaskon wuta kusa da ƙafa, ya ƙone bai sani ba. A bazara yakan tuɓe takalmi a ƙofar masallaci ya taka siminti mai zafi. Haka tsaga da ƙaho a kan ƙafar mai sukari, ƙaramin rauni yakan zama gyambo, gyambo ya kai ga yanke ƙafa. Maganin wannan ba ya cin ko kwabo: a gwada ruwa da gwiwar hannu kafin a miƙa, a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowace rana, a tsane su bayan alwala, kada kuma a yi tafiya ba takalmi ko da a tsakar gida.

Sa'an nan sai maganar motsi, wadda ita ce gindin wannan bayani. Naman cinya da ba a aiki da shi yakan zube cikin makonni, in ya zube tashi ya yi wuya, in tashi ya yi wuya tsoron faɗuwa ya shigo, tsoro kuma ya ƙara zaunar da mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta so wanda ya kai shekara 65 ya sami motsi matsakaici na minti 150 a mako, tare da atisayen tsayuwa daidai kwana uku a mako, gwargwadon iyawarsa. Dattijon cikin birni ba ya bukatar filin wasa domin wannan. Zuwa masallacin unguwa da komowa, ko zagaya tsakar gida ga Hajiya, ya isa mafari. Malamin da ke zaune kan buzu tun hantsi har azahar ya riƙa miƙewa tsakanin darasi da darasi, domin doguwar harɗe ƙafa tana danne jijiya a gefen gwiwa. Sannu ba ta hana zuwa.

Wasu dattawa suna ƙin sanda, suna ƙin kujera a sahu, wai kada a ce sun gaza. Malamai sun fi kowa sanin cewa shari'a ba ta ɗora musu wannan ba. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya halatta wa mara lafiya salla a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe, kuma Ahalari da almajirai ke karantawa tun suna ƙanana ya jera waɗannan halaye bi da bi. In malamin unguwa da kansa ya riƙe sanda ya fito, kunya ta fita daga kan saura.

Saura aikin iyali da unguwa. Birnin da kasuwarsa ta kafu tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ba a gina lungunansa domin mota ko keken guragu ba. Wani lungun ko adaidaita sahu ba ta shiga, ga kwata a buɗe, ga santsi da damina, ga dokin ƙofa mai tsawo a bakin zaure. Dokar kare haƙƙin masu bukata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara mashiginsu, wa'adin kuma ya cika. Amma ba doka ake jira ba kafin a ɗora murfi kan kwatar ƙofar gida, a kafa ƙarfen dafawa a makewayi, a sa kujera mai rami a bisa masai, a kunna fitila a hanyar Asuba. Buhun siminti biyu da attajirin unguwa zai bayar domin gangara a ƙofar masallaci zai mayar da tsofaffi da yawa cikin sahu. Masu unguwanni da limamai da shugabannin kasuwa su ne ya kamata su ja gaba.

Da tsohuwar zuma ake magani. Malamin da aka bari a ɗaki, karatunsa ya tsaya tare da shi, ɗan kasuwar da ya daina fitowa, sanin hanya da amanar abokan ciniki sun tafi da shi. Ɗan da ke son mahaifinsa ya kai shi a gano sababin ciwon, ya saya masa sanda mai roba a gindi, ya gyara masa hanya, ya kuma riƙe hannunsa zuwa zaure kowace safiya. Allah Shi ba marasa lafiya sauƙi, Shi sa a gama da iyaye lafiya.