Lafiya Uwar Jiki: Allurar Ruwan Jini da Ciwon Gwiwa

Da wuya a sami gidan da babu dattijo ko dattijuwa mai kukan gwiwa, wanda tsugunawa da miƙewa suka zame masa aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane miliyan 528 ne ke fama da amosanin gaɓoɓi, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa. Yanzu wasu asibitoci na tallar wata allura mai suna PRP, da alkawarin za ta sabunta gaɓa. Kafin iyali su kwance bakin jaka, ya kamata su san abin da za su saya.

Kan ƙasusuwan gwiwa a lulluɓe yake da guringuntsi mai santsi, kaurinsa milimita 2 zuwa 4. Yawancinsa ruwa ne da zaruruwan kolajin, ƙwayoyin da ke gina shi kuma ƴan kaɗan ne. Babu hanyar jini ko ɗaya a cikinsa, daga ruwan gaɓa yake samun abinci. Shi ya sa idan ya zaizaye ba ya warkewa kamar fata. Tun 1743 masanin ƙirar jiki William Hunter ya lura da haka a Landan.

A cikin jini akwai ƙwayoyin da ke daskarar da shi in an ji rauni, tsakanin 150,000 da 450,000 a kowane mikirolita. Bayan tsayar da jini, suna sakin sinadaran girma, irin su PDGF da TGF-beta, masu kiran sauran ƙwayoyi zuwa aikin gyara. Dabarar PRP ita ce a ɗebi jinin majinyaci da kansa, a juya shi a na'ura da sauri har ya rabu, a kwashe ruwan da waɗannan ƙwayoyi suka taru a ciki ninki 3 zuwa 5, a tsira shi cikin gaɓa. Likitan tiyatar muƙamuƙi Robert Marx na Amurka ne ya fito da sunan dabarar fili a 1998.

A ɗakin gwaji sakamakon yana da ban sha'awa. Ƙwayoyin guringuntsi da aka zuba wa wannan ruwa sukan ƙara hayayyafa, su ƙara samar da kolajin, sinadaran kumburi kuma su lafa. Ƙwayoyin asali na ɓargo, masu iya zama ƙashi ko guringuntsi ko kitse, su ma sukan yi ƙaura zuwa inda ruwan yake, su yawaita.

Sai dai kwanon gwaji daban, gwiwar da ta shekara 60 tana ɗaukar nauyi daban. A 2021 mujallar JAMA ta buga binciken Kim Bennell da abokan aikinta na Jami'ar Melbourne a Ostiraliya, a kan mutum 288. An yi wa rabinsu allurar PRP sau 3, rabi kuma ruwan gishiri. Bayan wata 12 ba a ga bambanci na a zo a gani ba, a ciwo ko a yawan guringuntsi. Wasu binciken sun nuna sauƙin ciwo na watanni ga waɗanda cutarsu ba ta yi nisa ba. A 2019 kuwa ƙungiyar likitocin amosani ta Amurka ta ba da shawarar kada a yi amfani da allurar a gwiwa, ɗaya daga dalilanta shi ne yadda ake haɗa ruwan ya bambanta daga wuri zuwa wuri.

Saboda haka, wanda aka yi wa tayin wannan allura ya tambayi likita matakin da cutarsa ta kai, da yawan allurar, da jimlar kuɗinta. Duk wanda ya ce za ta tsiro da sabon guringuntsi ya faɗi abin da bincike bai tabbatar ba. Kada a sayar da gona ko dabba a kan wannan alkawari.

Abin da ya tabbata ba ya cin kuɗi. Kowane kilo ɗaya da mai ƙiba ya rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taki. Tafiya a hankali kullum da motsa jiki mai ƙarfafa naman cinya suna rage ciwo. Ku taimaka wa iyayenku da waɗannan tun yau. Sai mun sadu a fitowa ta gaba.