Faɗakarwa A Kan Mashayi Mai Musun Ciwonsa

Da sunan Allah. Ya ku malamai da almajiran Sabon Garin Wudil, ku sani ni dai ina ganin inkari shi ne ƙofar da ke hana mashayi magani. Mai haƙar yashi a bakin kogi ya ce tiramol don ƙarfin aiki yake sha. Yaron mota a tasha ya ce kodin maganin tari ne. Kowannensu kuwa cewa yake ko yau ya so bari sai ya bari.

To, gwajin wannan magana mai sauƙi ne. In ya wuni biyu bai sha ba, sai ga ciwon gaɓoɓi da gumi da zawo da rashin barci, lalle jiki ya riga ya kamu, ko da baki ya musa. Haka kuma in ƙwaya ɗaya ta ishe shi bara, bana sai huɗu.

Amma inkarin da ya fi damuna namu ne. Uwa ta zo ta ce sammu aka yi wa ɗanta, ko iska ce ta taɓa shi, malam ya wanke allo ya ba ta, bai tambayi abin da ke aljihun yaron ba. Alhali binciken da aka yi a 2018 ya ƙidaya masu shan kayan maye a Nijeriya kimanin miliyan 14.3, ɗaya cikin huɗu kuwa mace ce. A shekarar nan hukuma ta hana yin ruwan tari mai kodin da shigo da shi. Ashe duk waɗannan aljanu suka shafa?

Zagi da duka sukan ƙara masa taurin kai, kun kuwa ji abin da aka tarar a gidajen mari na Rigasa da Daura a 2019. Abin da nake so ga malami, ya keɓe da yaron, ya lissafa masa abin da ido ya gani, kamar bashin da ya ci da aikin da ya rasa, sa'an nan ya yi shiru ya saurara. In ya yi iƙirari, a raka shi asibitin Dawanau ko na Malam Aminu Kano a Kano. Mai shan ƙwayar barci kuwa kada a yanke masa farat ɗaya, don yakan faɗi kamar mai farfaɗiya, sai likita ya rage masa sannu sannu. Wassalamu.