Rabon Zollo, Mugun Takarda

Jama'a, yau za mu tono wani tsohon mugu mu yi masa dariya. Dattawanmu da suka yi ƙuruciya a Kano ko Zariya za su tuna mujallar African Film, wadda kamfanin Drum ya riƙa fitarwa daga 1968 zuwa 1972. Labari ne cikin hotuna. Jaruminsa Lance Spearman, mai malafa da kwat, abokin gabarsa kuwa Rabon Zollo.

Sunan kaɗai ya ishi Bahaushe dariya. An ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, to rabon Zollo shan kashi ne. Ya tara 'yan daba, ya ƙulla makirci, ya cika baki, ƙarshe Spearman ya zo ya watsa taron, har Lemmy, ɗan yaro mai danƙo, ya samu goshin da zai harba. Sai gogan ya sulale, ya dawo da wani shirin da ya fi na baya wauta. Wanda danƙo ke kora wa yara, ina muguntar take?

Amma wa ya ƙera shi haka? A Afirka ta Kudu aka shirya mujallar, zamanin mulkin wariyar launin fata, aka kuma nisanta ta da siyasa domin ta shiga kowace kasuwa. Aka ba 'ya'yan Afirka mugu baƙar fata mai sauƙin duka, manyan miyagu kuwa ba a ɗauki hotonsu ba.

Mu mazauna Tamanrasset mun san irin manyan. A In Ekker, kimanin kilomita 150 arewa da mu, Faransa ta tayar da bam na nukiliya sau 13 a cikin dutse, daga 1961 zuwa 1966. Ran 1 ga Mayu 1962 dutsen ya kasa riƙewa, ƙurar guba ta fito ta bi iska, ministocin Faransa biyu suna wurin, Pierre Messmer da Gaston Palewski. Har yau Aljeriya tana neman a nuna mata inda aka binne sharar gwaje-gwajen nan, a kuma kwashe ta.

Iskar da Abzinawa maƙwabtanmu ke shaƙa ita 'ya'yanmu ke shaƙa, saboda haka kada baƙunci ya hana mu sa baki cikin wannan nema. Zollo dai ko kaza bai kashe ba a ƙasar nan, gara ma ta riga ta cinye takardarsa. Abin da aka binne a In Ekker kuwa, babu garar da za ta ci shi.