FILIN SANA'AR HANNU: Idan Agogon Salla Ya Rikice, A Fara Auna Wuta

 

A yau za mu yi magana ne a kan agogon lantarki da matasanmu ke harhaɗawa da hannunsu domin gida ko masallacin unguwa, galibi da allon Arduino, wanda aka ƙirƙiro a Italiya a shekarar 2005. Sana'a ce abin yabo, sai dai amana ce babba, domin da wannan agogo ake kiran salla, ake sahur, ake buɗa-baki. Iyaye da limamai sukan yi kukan cewa agogo yana mutuwa ya tashi da kansa, ko ya nuna lambobin da ba su da ma'ana. Sau da yawa ana ɗora laifin a kan tsarin da aka rubuta masa, alhali kuwa ƙarfin wuta ne bai daidaita ba.

Wutar da kamfanin SBEE ke kawowa volt 220 ce, shi kuwa allon volt 5 yake bukata, shi ya sa ake sa caja a tsakani. Saboda haka a nemi mitar auna wuta, irin ta masu gyaran rediyo, a duba wurare uku.

Na farko, bakin caja. A auna ta agogo yana kunne, dukkan fitilunsa suna ci, domin caja mai arha takan nuna volt 5 idan ba ta ɗauke da komai, amma da an ɗora mata nauyi sai ta faɗi. Doguwar waya siririya ma tana rage ƙarfi. Ƙaramar na'urar riƙe lokaci mai lamba DS1307 tana son volt 4.5 zuwa 5.5. Idan wuta ta sauka ƙasa da kimanin 3.75, takan daina amsa wa allon, a nan ne ake ganin lamba irin 165 a gurbin awa. Maganinsa caja mai inganci, da gajeriyar waya, da kondensa kusa da allon.

Na biyu, ga masu sola. Batirinsu volt 12 ne, kuma da yawa sukan rage shi da 7805. Wannan ƙarfe yana mayar da rarar wutar zafi ne, idan zafin ya yi yawa ya yanke da kansa. A bazarar Malanville, inda zafi kan wuce digiri 40, a ɗaura masa ƙarfen sanyaya, ko kuma a yi amfani da cajar mota.

Na uku, ƙaramin batiri mai kama da kwabo, wato CR2032. Shi ke riƙe lokaci idan an ɗauke wuta. Volt 3 ne. Idan ya kusa 2.5 a canza shi. A lura kuma, wasu alluna masu arha na DS3231 suna tura masa caji, alhali ba a cajinsa, har ya kumbura. Mai gyara ya cire hanyar cajin. Ban da wannan, DS3231 ta fi dacewa da ƙasarmu, domin tana gyara lissafinta gwargwadon zafi, kuskurenta kimanin minti ɗaya ne a shekara.

Duk wannan awo a ɓangaren ƙaramar wuta ake yinsa. Kada a bar yaro ya buɗe caja ko ya taɓa wayar bango.

Bayan an gyara wuta, saura a duba jadawalin salla da ke cikin agogon. Lokacin Benin da Nijar da Nijeriya ɗaya ne, amma rana tana faɗuwa a Malanville da Gaya kimanin minti 20 bayan Kano. Wanda ya kwafo jadawalin Kano zai sa jama'a su sha ruwa rana ba ta faɗi ba. Don haka kafin azumi ya kama, kwamitin kowane masallaci ya wakilta mutum guda ya auna batiri, ya daidaita agogo, ladan kuma kada ya daina duban rana da alfijir.

Allah Ya sa albarka a sana'ar 'ya'yanmu, Ya karɓi ibadunmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda.