Sharhi: Kayan Tarihi Jari Ne, Ba Hajar Sayarwa Ba

A shekarar 2025 ƙasar Holan ta mayar wa Nijeriya kayayyakin tagulla 119 na masarautar Benin da ke Jihar Edo, daga cikin waɗanda sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Kafin wannan, a 2022, Jamus ta sa hannu a kan yarjejeniyar mayar wa Nijeriya mallakar fiye da guda 1,100. An yi murna, kuma abin ya cancanci murna. To amma tambayar da ta shafi 'yan kasuwa ita ce, yaya ƙasa za ta ci moriyar wannan dukiya?

Darajar kayan ba boyayya ba ce. A 2007 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da kan tagulla guda ɗaya na wani Oba a birnin New York a kan dala miliyan 4.7, kuma ko kwabo bai shigo Nijeriya ba.

Arewa ma ta ɗanɗana irin wannan hasara. A 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da gumakan yumɓu na Nok a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu, waɗanda suka haura shekara 2,000. A shekarun 1990 haƙa ta ɓarke a ƙauyuka, ana biyan manomi abin da bai taka kara ya karya ba, dillalai kuma su tsallakar da kayan zuwa Turai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Wasu daga cikin gumakan sun bayyana a gidan tarihi na Louvre a 2000. A 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, amma ta riƙe su aro na shekara 25, watau masu otal da masu sufuri na Faris su ne suka ci ribar masu zuwa kallo.

Haƙiƙa wanda ya sayar da kayan tarihi uwar kuɗi ya cinye. Ciniki ɗaya zai yi, alhali kayan da aka adana suna jawo baƙi kowace shekara. Ban da haka, Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta haramta fitar da su waje ba tare da izini ba.

Hanyar halal tana nan a buɗe. Gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, da Gidan Makama na Kano, da kwalekwalen Dufuna mai kimanin shekara 8,000 da aka gano a 1987 a Jihar Yobe ta yanzu, duk suna bukatar masauki, sufuri, inshora, tsaro da wutar lantarki. Maƙeran Titin Igun na birnin Benin sun nuna cewa sababbin kayan da aka ƙera bisa tsohon salo suna da kasuwa.

Wasu za su ce manomin da yunwa ta dama ba ruwansa da tarihi. Gaskiya ne, shi ya sa ya kamata hukuma ta ware lada mai tsoka ga duk wanda ya kai rahoton abin da ya tono, ta kuma bai wa ƙauyen kaso daga kuɗin shiga. Wajibi ne kuma ta yi wa kowane kaya rajista da hoto, domin babu kamfanin inshorar da zai karɓi abin da ba a ƙidaya ba. Idan aka yi haka, ya rage ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kano, Kaduna da Jos su kai tayin zuba jari.