Kafin a Toshe TNF

Ƙwayoyin garkuwar jiki suna aika wa juna saƙo ta wasu ƙananan furotin. Ɗaya daga cikinsu, TNF, shi ke kiran kumburi. A wani nau'in amosanin gaɓɓai kiran ba ya yankewa, har jiki ya riƙa cin guringuntsinsa. A 1992 Marc Feldmann da Ravinder Maini suka gwada toshe shi a Landan, majiyyata suka sami sauƙi ƙwarai.

Sai dai TNF ɗin nan ne ke killace ƙwayar tarin fuka da ta yi likimo a huhu. Toshe shi na iya tayar da ita. A Nijeriya, inda tarin ya yawaita, ganganci ne a ganina likita ya fara allurar adalimumab bai nemi hoton ƙirji da gwajin tarin ba.