Gandun Daji a Kan Filin Wani: Ƙungiyoyin Kare Muhalli na Japan da Iyakar Ƙarfinsu

A Amurka, idan aka ambaci gandun daji na ƙasa irin Yellowstone, ana nufin fili ne da gwamnati ta mallaka, ita ke iko da shi. Japan ba ta da wannan sararin. Sa'ad da ta kafa dokar gandayen daji a 1931, ta kuma ayyana na farko a 1934, tsibiranta sun riga sun cika da ƙauyuka da gonaki da wuraren ibada. Saboda haka sai ta shata iyaka a kan filayen da ke da masu su, ta gindaya musu sharuɗɗan amfani. A yau gandayen sun kai 35, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na filinsu mallakar masu zaman kansu ne, mafi yawan na gwamnati kuma yana hannun hukumar da ke kula da dazuzzuka da katako, ba ma'aikatar muhalli ba.

A irin wannan tsari, layin da aka ja a taswira ba ya hana gatari shiga daji. Tarihin Japan ya nuna cewa ƙungiyoyin jama'a ne suka mayar da layin kariya ta gaske, don haka da aikinsu ya kamata a auna nasarar ƙasar, fiye da yawan gandayenta.

Labarin ya faro ne daga Oze, wata faffaɗar fadama da ke kan tsaunuka a arewacin Tokyo. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an yi shirin nutsar da ita a ƙarƙashin madatsar ruwa domin samar da lantarki. A 1949 masana da marubuta da masu hawan tsaunuka suka haɗa kai don hana hakan, haɗin da ya zama Ƙungiyar Kare Halittu ta Japan, wato NACS-J, a 1951. Ba a taɓa gina madatsar ba. A 1971 shugaban sabuwar hukumar muhalli, Oishi Buichi, ya sa aka dakatar da titin motar da zai ratsa yankin, a 2007 kuma Oze ta zama gandu mai cin gashin kansa. Har yanzu kamfanin lantarki na Tokyo ne ke da kusan kashi 40 cikin ɗari na filin gandun, yana kuma cikin masu gyara titunan katako da maziyarta ke takawa don kada su tattake fadamar. An tsare wurin ba tare da an ƙwace shi daga mai shi ba.

Haka aka yi a Shirakami, a arewacin tsibirin Honshu, inda mazauna yankin da NACS-J suka tsaya kai da fata a shekarun 1980 kan wani titi da zai keta tsohon dajin itatuwan da Japanawa ke kira buna. An watsar da titin, a 1993 kuma UNESCO ta sanya dajin cikin wuraren gado na duniya.

Inda ƙorafi bai wadatar ba, sai aka koma ga saye. A 1977 garin Shari da ke Hokkaido ya nemi jama'ar ƙasar su ba da yen 8,000 kan kowane murabba'in mita 100, domin a sayi tsofaffin gonakin da aka bari a cikin gandun Shiretoko kafin dillalan filaye su riga. Cikin shekaru 20 kusan mutum dubu 49 suka amsa kira. Ƙungiyar Tsuntsayen Daji ta Japan, wadda Nakanishi Godo ya kafa a 1934, ta buɗe matsugunin tsuntsaye na farko a Tafkin Utonai a 1981. A tuddan Sayama kuwa, kusa da Tokyo, wata gidauniya da ta ari sunan fim ɗin Totoro tana sayen daji gutsure-gutsure tun 1991.

Masu suka na cewa waɗannan ƙungiyoyi ƙanana ne, kuma gaskiyarsu. Membobin ƙungiyar tsuntsayen Japan dubun-dubata ne, alhali takwararta ta Birtaniya ta haura miliyan ɗaya. Sun kuma sha ƙasa a manyan fafatawa. A 1997 gwamnati ta saki faifan ƙarfe 293 ta datse mashigin Isahaya, faffaɗar fadamar bakin tekun ta bushe duk da koke-koken jama'a. A Henoko da ke Okinawa, inda ake gina sansanin sojan Amurka a ruwan da ke da murjani da ciyawar da ayun teku ke ci, an fara cike tekun da ƙasa a Disamban 2018, ba a kuma fasa ba ko da sama da kashi 70 na masu jefa ƙuri'ar raba gardama suka ƙi amincewa a 2019. Ƙungiyoyin kan yi nasara idan abokin karawarsu kamfani ne ko birni, kamar yadda Nagoya ta janye shirin zuba shara a fadamar Fujimae a 1999. Idan gwamnatin tsakiya ta ƙudiri aniya, hujjar kimiyya ba ta cika tankwara ta ba. Amma wannan bai rage darajar aikinsu ba. Ya dai fallasa giɓin da ke cikin doka, wadda ba ta ba jama'a isasshen ikon dakatar da aikin gwamnati.

Barazanar yanzu ma ba ta da ofishin da za a yi wa zanga-zanga. Ƙauyuka na tsufa suna watsewa. Yankunan da ake kira satoyama, inda gona da kurmi da tafki suka cuɗanya, sun rayu ne da hannun manomi. Da ya tafi, halittun da suka saba da su sai su bi shi. Barewar sika ta yawaita saboda mafarauta sun ragu, kyarkecin ƙasar kuma ya ƙare tun farkon ƙarni na 20, har ta kai tana cinye furannin Oze. Wannan aiki ne na kullum, irin wanda ake yi a Akaya, inda NACS-J da hukumar dazuzzuka da mazauna garin Minakami ke tafiyar da kadada kusan 10,000 tare.

A 2022 ƙasashen duniya, har da Najeriya da Nijar, suka amince a Montreal cewa za a kare kashi 30 na ƙasa da teku kafin 2030. Japan na da kimanin kashi 20 a tudu, kuma tun 2023 ta fara yi wa dazuzzukan kamfanoni da filayen masu zaman kansu rajista domin cike giɓin. Matakin ya dace da tarihinta, sai dai rajista abu ne mai arha. Kafin a lissafa wani fili cikin kashi 30, ya kamata gwamnati ta bayyana wanda zai riƙa ƙirga halittun cikinsa kowace shekara, da inda kuɗin aikin zai fito, da kuma kotun da ƙungiya za ta kai ƙara idan gwamnatin ce da kanta ta shigo da motar rusau.